Wa Ya Ɗinke Hannun Rigar Mai Laima?

"Fita min daga shago kafin in yi maka awo da almakashin nan!"

Ƙafata ɗaya ce kawai ta shiga. Ɗayar na waje tana jiran labari, da ta ji irin tarbar da aka yi wa 'yar'uwarta sai ta fara juyawa da kanta.

"Baba, ina kwana..."

"Ban kwana ba! Kwana uku ke nan ban runtsa ba, kuma kai ne sanadi. Wa ye babanka a nan? Na yi maka kama da wanda ya haifi aku?"

Akun dai ni ne. Haka duk layin kasuwarmu ke kirana, har masu shara. Gyaran waya nake yi, rumfata na kallon shagon Baba Tela, taku goma sha huɗu ne tsakaninmu. Na san adadin ne don shekara biyu ina taka su safe da yamma saboda Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ke zama a kan keken ɗinki na biyu can ƙuryar shagon.

Yau ma tana nan. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Keken kawai take takawa kamar shi ya yi mata laifi.

Sati uku da suka wuce, tsohon nan da bakinsa ya ce in gaya wa manyana su zo a yi magana. Har ya auna min kafaɗa, yana cewa ƙirjin sauro gare ni amma zai san yadda zai rufa min asiri ranar biki. Yau kuma ga almakashi.

Bari in gaya muku yadda aka yi, kar ku ce tsoho ya zalunce ni. Bai zalunce ni ba. Bakina ne.

Akwai wani littafin zane da muka taso muna karantawa, Mai Laima. Wani mai gyaran laima ne da ke jibgar azzalumai da tsohuwar laimarsa. A fitowa ta tara aka cinna wa gidansu wuta, ya zura hannun hagu ta taga zai jawo mahaifiyarsa, ƙarfen tagar ya yage masa hannun kwat tun daga kafaɗa har gwiwar hannu. Bai cece ta ba. A ranar ya rantse ba mai ɗinke masa hannun nan har ya mutu. Fitowa sittin aka yi bayan nan, hannun na nan a yage yana reto. Duk wanda ya karanta littafin ya san wannan kamar yadda ya san sunan uwarsa.

Da aka ce za a mai da shi fim, shekara huɗu muna jira. Muka buɗe guruf a waya mai suna 'Yan Laima, aka naɗa ni shugaba don babu wanda ya kai ni surutu. Wasu sun sa ranar fitowar fim ɗin a fuskar wayarsu suna ƙirga kwanaki kamar masu jiran haihuwa.

Ranar Lahadi aka saki tirela, wato ɗan tallan fim ɗin. Mun fi mu ashirin a kan waya ɗaya a rumfata. Ga ruwan sama, ga jarumi ya buɗe laima, ga kiɗa na tashi, ya ɗaga hannun hagu...

Sumul.

A ɗinke. A wanke. Har da karin guga!

Ban san lokacin da na kunna kyamara ba. Minti uku na yi ina zuba. Na ce wanda ya ɗinke hannun nan da hannu ya yi ko da ƙafa? Na ce a ba shi buhunan gawayi ya riƙa ɗinkewa, can ya fi dacewa. Na ce hannun biri ne. Na rufe da cewa duk ɗan Laima na gaskiya ya yage hannun rigarsa na hagu har sai kamfani ya gyara, na kama tawa na ɓarke a gaban kowa. Kafin Talata mutum dubu ɗari biyu sun kalla.

Abin da ban sani ba, daga shagon da ke taku goma sha huɗu da ni kwat ɗin ya fito.

"Baba, rabu da shi, kar jininka ya hau a banza."

Daga bencin masu jiran ɗinki muryar ta fito. Ba sai na waiwaya ba, hancina ya riga ya gaya min. Mutumin nan ne da ake kira Turare, mai kula da tufafin kamfanin fim ɗin, wanda ya kawo wa Baba aikin kwat ɗin a asirce. Tun daga lokacin kullum sai maɓalli ya tsinke masa, kullum yana shagon yana kallon ƙurya. Shi ya kawo bidiyon ya kunna wa tsoho, ya ƙure murya.

"A'a, ashe da mutum a nan," na ce. "Na ɗauka kwalba ce ta fashe."

"Mai bidiyo ke nan," ya ce yana gyara agogo. "Dubu ɗari biyu ko? Allah ya ƙara ɗaukaka. Sai dai ban san ko ana riƙe mata da yawan masu kallo ba."

"Da ƙamshi ake riƙewa ke nan? Ai da masu sayar da sabulu sun gama da matan gari."

"Rufe min baki!" Baba ya buga almakashin a kan tebur har alli ya yi tsalle. "A shagona ma sai ka nuna hali?"

"Baba, wallahi tallahi ban san aikinka ba ne. Da na sani da harshena na datse."

"To da wani telan ne fa? Shi ba shi da 'ya'ya? Ba shi da maƙwabta masu waya? Shekara arba'in da ɗaya ina kan keken nan, ko zare ban taɓa bari yana lilo a kayan mutum ba. Jiya wani yaro ya leƙo yana tambayata nawa nake ɗinke buhu. Bai ma san ni ne ba, wasanka kawai yake yi wa duk telan da ya gani. Ka ji abin da ka jawo wa masu sana'a?"

Na sunkuyar da kai.

"Maganar da na yi maka sati uku da suka wuce, na warware ta zare-zare. Ka gaya wa manyanka su zauna a gida, kar su ɓata takalmansu. Kuma in na sake ganin inuwarka a bakin ƙofar nan, ni da kai ne."

Keken ƙurya ya tsaya cak. Sannan ya ci gaba da gudu fiye da da.

*

Ko zama ban gama yi a rumfa ba sai ga Mama. Da na ga yadda ta riƙe jakarta a hammata na san ba wayarta ce ta lalace ba.

"Daga gidansu nake," ta ce. "Uwar yarinyar nan a ƙofa ta bar ni tsaye. Ni! Matar da muka yi shekara ashirin muna gaisawa. Ko kujera."

"Mama, ki zauna..."

"Yanzu ka san da zama? Saboda wa ka zubar mana da mutunci? Saboda mutumin takarda! Mutumin da ko numfashi ba ya yi! Uwarsa ta zane ta ƙone kana ta makoki shekara goma, ga taka uwar mai rai tana ƙonewa a ƙofar gidan mutane."

"Ba ki gane ba ne, hannun rigar yana da tarihi."

Ta dubi hannun tawa rigar da ke reto, ta dube ni. "Wannan rigar ni na saya maka. Tarihinta ke nan. Tun kana goye na san bakin nan zai yanka maka wuya. Babanka ya ce ka cire shi daga maganar, shi ba zai je a kira shi uban aku ba. In ka rasa yarinyar nan, kar ka zo min ɗaki da kuka. Ka je Mai Laimar ya rarrashe ka."

Ta tafi, ta bar maƙwabcina mai sayar da caja yana tarin ƙarya don ɓoye dariya.

*

Bayan azahar Auta ta fito da leda a hannu. Ba ta kalli rumfata ba, ta bi ta bayan layi wajen matakalar da ke hawa ɗakin ajiya. Na bar wayar wani a buɗe, hanjinta a waje, na bi ta.

"Ranki ya daɗe, sarauniyar masu keke..."

"Kar ka fara." Ta miƙo min ledar. "Ungo."

Wayar da na haɗa mata ce a ciki, da littattafan Mai Laima guda goma sha biyu da na ara mata. Fitowa ta tara ce a sama.

"Auta, har da ke? Ke fa kin karanta. Ke kin san hannun nan ba a ɗinke shi. Ki taya ni fahimtar da Baba, ni da kamfani nake, ba da shi ba."

"Da kamfani kake?" Ta yi wata dariya mara daɗi. "Kamfani ne mai hannun biri?"

"Zafin rai ne. Kin san bakina, yana riga ni fita."

"Na san shi. Shekara biyu ina dariyar abin da yake yi wa mutane. Ban taɓa tunanin yadda suke ji ba sai da ya juyo kaina."

"Kanki kuma? Ke me ya haɗa ki da..."

Ta ɗago hannun damanta ta buɗe min shi a fuska. Kan yatsunta duk tabon allura.

"Ga shi nan. Kalle shi da kyau. Da hannu aka yi, ba da ƙafa ba."

Na lalubi bango.

"Ke?"

"Ni." Hawaye suka zubo mata, ba ta ko share ba. "Baba ya ɗinka kwat ɗin lafiya lau suka karɓa. Suka je suka yage hannun da kansu, suka shafa masa baƙi kamar wuta ta lashe shi. Ana gobe za su ɗauki tirela suka dawo da shi a rage kafaɗa kawai. Baba na buɗe leda ya ga yagewar ya yi salati. Ya ce ɗan wasan nan ya lalata masa aiki, kunya ce ta hana su faɗa."

"Ba ki gaya masa ba?"

"Na gaya masa! Na ce Baba haka ake so, a littafin haka yake. Har fitowa ta tara na ɗauko na nuna masa. Ya ce babu ɗan adam ɗin da ke son yagagge, mai zanen ne bai san darajar tufa ba. Ya ce yagaggen kaya bai taɓa fita ta ƙofarsa ba, ba kuma zai fara a kan mutanen fim ba. Idonsa ba ya ganin ɗinkin ɓoye yanzu, sai ya miƙo min. Ka san awa nawa na yi? Biyar. Ina ɗinki ina cewa wayyo Aku, in ya gani zai mutu. Tausayinka nake ji, ka ji wauta!"

"Auta..."

"Na wanke, na goge. Turare ya zo ya ɗauki leda ko buɗewa bai yi ba, yana ta yi min surutun motarsa. Ranar Lahadi na so in zo in gaya maka da bakina. Ina fitowa na hango ka a tsaye a kan benci, mutane na tafa maka."

"Me ya sa ba ki tsayar da ni ba?"

"A tsayar da kai? Wa ya taɓa tsayar da kai in ana tafi?" Ta ja hanci. "Ka san abin da ya fi min ciwo? Ɗinkin nan shi ne mafi kyau da na taɓa yi. Ko kai da ka tsaida hoton ka zuƙo shi ba ka ga inda zare ya bi ba. Shi ka ce a ba ni buhu."

Na durƙusa a kan matakala, ban damu da ƙurar ba. "Zan goge bidiyon yanzu a gabanki."

"Goge mana. Ka bi wayoyi dubu ɗari biyu ka goge. Ai kai mai gyaran waya ne."

"To me zan yi? Faɗa min. Ko wuta kika ce in shiga..."

"Kar ka yi min maganar littafi. Jiya Mamanmu ta zaunar da ni, ta ce Turare ya aiko yayarsa. Ta ce mai albashi ne, mai kamun kai, ba ya hawa benci. Baba ya ce nan da Juma'a in ba shi amsa."

"Me za ki ce?"

"Ban sani ba. Shi ba na son sa. Kai kuma ba na son ganin ka."

Ta sauka ta bar ni da leda.

*

Ina komawa rumfa na tarar da Dogo, sakataren guruf ɗinmu, yana haki, hannun rigarsa na hagu na kaɗawa kamar tuta.

"Shugaba, ina ka shiga? An gano shi!"

"Wa?"

"Telan mana! Duba guruf."

Wata baƙuwar lamba ce ta turo hoton shagon Baba, da kwatancen layi, da rubutu a ƙasa: ga wanda ya kashe muku fim. Ƙarƙashinsa saƙo ya fi ɗari uku. Ƙarfe huɗu za a haɗu. Kowa ya zo da laima da yagaggiyar riga.

"Ashe ma maƙwabcinka ne, munafukin tsoho!" in ji Dogo. "Kai za ka yi jawabi. Yau sai ya gane 'Yan Laima ba sa wasa."

"Dogo, a soke."

"A so me?"

"Uban Auta ne."

Ya kalle ni sama da ƙasa. "To sai me? Uwar Mai Laima fa? Shekara huɗu muna jira, Aku. Ni na fasa tafiya aiki wani gari don kar fim ɗin ya fito ba na nan. Kai ka ce mu yage riguna, matata har yau ba ta yi min magana. Yanzu don mace za ka juya mana baya?"

Lambar nan nake kallo. Ƙarshenta bakwai uku ne a jere. Mu masu gyara ba ma manta irin wannan, don duk wayar da muka gama sai mun kira tamu da ita mu gwada. Wata biyu da suka wuce na canza gilashin wata ƙaramar waya mai wannan lamba. Kwana biyu rumfata na ƙamshi bayan tafiyar mai ita.

Ashe kamfani na neman wanda zai ɗora wa laifi, shi kuma Turare da bai buɗe leda ba yana neman wanda zai miƙa musu.

*

Ƙarfe huɗu saura, layinmu ya cika. Sun kai mutum hamsin, maza da mata, laimomi a buɗe ba ruwa ba rana, hannayen riguna na reto. Masu shaguna suka fara jawo kayansu ciki.

"A yage! A yage! A yage!"

Na yi taku goma sha huɗun nan da gudu na tsaya a bakin ƙofar Baba, na ba shagon baya.

"Shugaba ya iso!" Aka ɗau tafi. Wayoyi suka ɗago sama.

Wallahi tafin nan ya shiga jikina. Na ji barkwanci uku sun taso min a maƙogwaro lokaci guda, kowanne sai ya kwantar da layin nan da dariya. Na haɗiye su da ƙyar.

"Ku koma gida," na ce.

Tafin ya mutu.

"Me ya ce?"

"Ya ce mu koma gida. An saye shi!"

"Maci amana!"

"Surukin buhu!"

Wani ya jefo murfin gora ya same ni a goshi. Ta bayana na ji Turare na cewa, "Ka gani ko, Baba? Shi ya tara su, yanzu yana wasan kwaikwayo. Bari in kira motata in fitar da ku ta baya, kai da Auta."

Na zaro wayata na miƙa wa Baba ta kan kafaɗa. "Baba, ka tsane ni, na yarda. Amma ga lambar da ta turo musu hoton shagonka. Danna koren nan kawai."

Ya karɓa kamar an ba shi mataccen ɓera. Ya danna.

Aljihun Turare na ciki ya fara waƙa.

Turare ya dafe ƙirji kamar mai ciwon zuciya.

"Ɗauka mana," na ce. "Wataƙila yayarka ce."

"Baba, wayar ofis ce, kowa na taɓa ta..."

Ƙofar baya kawai Baba ya nuna masa da almakashi. Turare ya fita, ƙamshinsa ya tsaya ya ɗan ƙara jin labari.

Na ɗauka shi ke nan na ci. Ina shirin murmushi sai na ji an ture ni gefe. Tsoho ya fito bakin ƙofa, tef a wuya, tabarau a kan hanci. Ya dubi taron. Ba fuskokinsu yake kallo ba, hannayen rigunansu yake bi ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa na yamutsewa kamar wanda aka sa shi kallon yanka.

"Innalillahi. Wannan shadda ce fa ka yaga, kai mai jar laima. Ba ku da iyaye ne?"

"Ka kashe mana fim, tsoho!" Dogo ya yi ihu. "Ka ba mu haƙuri!"

"Haƙurin me? Na ga ɓaraka na rufe. In an sake kawo min gobe, sai na sake rufewa." Ya juyo kaina, ya damƙi yagaggen hannun rigata. "Kai ka koya musu wannan ƙazantar?"

"Ni ne, Baba."

"Auta! Kujera da baƙin zare."

Aka ajiye kujera a bakin ƙofa, a gaban wayoyi hamsin. Na gane abin da yake nufi.

"Aku, in ka zauna a kujerar nan ka gama yawo!" in ji Dogo. "Wallahi yau za mu cire ka. Ko layin tikiti ba za ka tsaya da mu ba!"

Shekara goma sha ɗaya ina karanta littafin nan. Rabin mutanen nan ni na ara musu fitowar farko. Na dubi Dogo, na dubi laimomi, na dubi Auta da ke tsaye da zare a hannu tana kallon ƙasa.

Na zauna.

Ihun da suka yi sai da tantabarun kan rufi suka tashi. Baba ya zura zare ya fara ɗinki, rigar na jikina. Aka kira ni sunayen da ni kaina ban taɓa ƙirƙiro irinsu ba, wasu ma har na yaba a zuci. Wata yarinya da na sani tun tana firamare ta matso ta tofar da yawu kusa da takalmina. Wayata ta yi ƙara a aljihun Baba, na san an cire ni daga guruf.

Zagi ba ya daɗi in ba a ramawa. Tun suna ihu har suka koma gunaguni, laimomi suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya. Mai jar laima ne ya tsaya ƙarshe, ya matso a hankali yana tambayar ko shaddar tasa za ta gyaru. Baba ya ce ya dawo Litinin.

Da Baba ya kai gwiwar hannu sai ya tsaya, ya cire tabarau yana murza ido.

"Minti ashirin bakinka a rufe," ya ce. "Ban taɓa zaton zan ga wannan da raina ba."

"Baba, to maganar manyan nawa..."

"Ka ga, ka ɓata. Ni ban mayar da komai ba. Wancan na kore shi don munafuki ne, ba don kai mutumin kirki ba ne. Ni zagin ya fantsamo min ne kawai, mai hannun ga ta nan." Ya miƙa wa Auta allurar. "Ƙarasa, idona ya gaji. In kin ga dama ki ɗinke har da bakin."

Ya shige ciki.

Auta ta ja kujera ta zauna a gefena. Idanunta sun kumbura. Ta kama hannun rigar ba tare da ta kalle ni ba.

"Auta, kin ga dai abin da na..."

Ta caka min allurar a dantse. Ba kuskure ba ne, har sai da ta ɗan juya ta.

"Wayyo Allah!"

"Wannan ta hannun biri ce," ta ce, ta ja zaren a hankali. "Sau tara na kalli bidiyon nan, na ƙirga. Zagi goma sha huɗu ka yi."

"To saura sha ukun fa?"

"Ɗaya a rana. Gobe ƙarfe tara ka kawo hannun. In ka makara, biyu ne."